Bindigar Farko: Nasiha Ga Matasan Iyaye Masu Son Fita Farauta Da 'Ya'yansu

Ɗana, 'yata,

Kaka ta kama a nan Wiskonsin, ganyaye sun yi ja suna zuba, kantunan kayan farauta sun cika maƙil. Duk shekara idan watan Oktoba ya tsaya, ba na rasa wani daga cikinku ya tare ni a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, ya ce, "Baba, yarona ya kai shekara 11, abokansa na makaranta duk suna bin iyayensu farautar barewa. Wace bindiga zan saya masa?" Sau da yawa kafin in buɗe baki mai tambayar ya riga ya ba kansa amsa. Wani abokin aikinsa ya gaya masa cewa .30-06 ita ce bindigar maza, a saya wa yaro ita sau ɗaya, ya girma ya tarar da abarsa. Nakan yi murmushi, domin irin wannan maganar na ji shekaru da yawa da suka wuce, na kuma bi ta, na ga inda ta kai ni.

Na tashi a ƙauye ina ganin maharba da bindigar toka, ina jin kirarinsu idan sun dawo daga dawa. Da karatu ya kawo ni Amurka, zama ya yi tsawo, wani dattijon manomi maƙwabcina ya fara ɗaukata zuwa gonarsa lokacin farauta. Barewar nan mai farar wutsiya ta fi tamu ta gida girma nesa ba kusa ba, namijinta kan kai kilo 80 ko fiye. Ganin haka na yanke wa kaina hukunci cewa babbar dabba sai babban harsashi. Da ɗana na fari ya cika shekara 12, sai na miƙa masa bindigata .30-06 ina ta alfahari. Harbin farko a filin gwaji, bindigar ta shure shi, bakin madubin saiti ya tsaga masa gira. Na goge masa jinin na ce namiji ba ya kuka. Bai yi kukan ba, bai kuma ce mini komai ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin jarumta.

A watan Nuwamba muka shiga daji. Barewa ta fito ta tsaya a fili, tazararmu da ita ba ta wuce yadi 60 ba. Ina kallon fuskarsa lokacin da zai harba, na ga ya runtse ido biyu ya fizgi kunama. Harsashin ya same ta a ciki. Muka bi sawun jini har dare ya raba, ba mu same ta ba. Washegari muka tarar karnukan dajin nan da ake kira koyoti sun riga mu. Yaron ya tsaya yana kallon abin da ya rage, sannan ya juya ya koma mota. Sai da ya shekara shida bai sake taɓa bindiga ba. Laifin nawa ne, ni na ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin kafaɗarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi ya sa nake ba ka wannan labari.

Bari in fara da shurin bindiga, domin wanda ya san mafarin abu ba ya jin tsoronsa. Idan albarushi ya kama wuta a cikin kwanso, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ya tura bindiga baya. Abu uku ke ƙara wannan shuri: nauyin harsashi, saurin fitarsa, da yawan albarushi. Babban abin da ke rage shi kuwa shi ne nauyin bindigar kanta. Masu harkar suna auna shi da ma'aunin da suke kira fut-fam. A bindiga mai nauyin kilo uku da rabi, .243 Winchester tana shuri wajen 9. Tsohuwar .30-30 tana kaiwa wajen 11. Su 6.5 Creedmoor da 7mm-08 suna tsakanin 12 da 13. Su .270 da .308 suna hawa 16 zuwa 18. Ita kuwa .30-06 da harsashi mai nauyi tana kaiwa 20. Ka ga abin da na ba ɗana ya ninka abin da ya kamace shi har da ɗoriya. Ƙato mai kilo 90 zai shanye wannan naushi ya yi dariya. Yaro mai kilo 35, wanda ƙashin kafaɗarsa bai gama ƙwari ba, jikinsa duka ke amsawa.

Ciwon kafaɗa kwana biyu ne ya warke. Abin da ke daɗewa shi ne zabura. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jikin yaro yana koyon darasi da kansa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Da zarar ya gane cewa jan kunama na zuwa da zafi da ƙara, sai ya fara kare kansa tun kafin harsashi ya fita: ido ya rufe, kafaɗa ta turo gaba, yatsa ya fizga. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, amma ya isa ya kautar da bakin bindiga daga saiti. Kaucewar da ba ta kai faɗin farce ba a bakin bindiga, kafin harsashi ya yi yadi 100 ta zama taki guda. Abin takaici kuma, yaron ba ya sanin yana yi, ƙarar harbin tana rufe komai. Na san manya masu furfura da har yau suke fama da zaburar da suka ɗauka tun suna yara. Shigarta rana ɗaya ce, fitarta kuwa sai an yi watanni ana lallashi.

Kada ka ji tsoron cewa ƙaramin harsashi ba zai kayar da barewa ba. Abin da ke kashe ta cikin sauri shi ne harsashi ya ratsa huhu ko zuciya, a bayan ƙafar gaba kaɗan. Wurin nan faɗinsa kamar farantin cin abinci ne. Harsashin .243 da ya shiga nan ya gama aiki, barewar ba za ta yi nisa ba. Harsashin .30-06 da ya shiga tumbi kuwa, kwana za ta yi tana wahala a cikin ƙurmi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bindigar da yaro ba ya tsoro, wadda zai buɗe ido ya ja kunamarta a hankali, ita ce mai ƙarfi a hannunsa.

To wacce za ka zaɓa? Idan ka tambaye ni, zan fara nuna maka .243 Winchester. Tun 1955 take kasuwa, an same ta ne ta hanyar matse wuyan kwanson .308 ya ɗauki siririn harsashi. Tana tafiya a miƙe, shurinta kaɗan ne, kuma da wuya ka shiga kantin kayan farauta, ko a ƙaramin gari, ka rasa harsashinta. Amma ka lura da abin da ke rubuce a jikin kwali. Akwai masu nauyin giren 55 zuwa 75 da aka yi don ƙananan dabbobi, suna tarwatsewa da zarar sun taɓa nama, ba sa shiga ciki sosai. Na barewa shi ne mai giren 90 zuwa 100, mai taushin kai, wanda ke buɗewa a hankali yana ci gaba da ratsawa. Na ga matashi ya sayi bindiga mai kyau, sannan ya ɗauki kwalin da ya fi araha ba tare da ya karanta ba, ya ɓata wa ɗansa ranar farko. Haka kuma ka guji harsashi mai rufaffen kai irin na soja, wanda ba ya buɗewa. Jihohi da yawa sun hana farautar barewa da shi.

Idan yaron ya ɗan tasa, ya kai 13 ko 14 kuma yana da jiki, sai ka duba 7mm-08 Remington, wadda ta fito a 1980, ko 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Shurinsu ya ɗara na .243, amma ba su kai .308 ba, kuma ko ya zama magidanci ba zai ce sun yi masa kaɗan ba. Ita ma .30-30, wadda take nan tun 1895, ta ciyar da gidaje masu yawa a wannan ƙasa, tana kuma aiki sosai a daji mai duhuwa inda harbi ba ya wuce yadi 150. Abin lura game da ita shi ne, galibin bindigoginta irin masu liba a ƙasa ne da ake ɗanawa da hannu, tsofaffin kuma sai an sauke guduma da babban yatsa, abin da kan kuɓuce wa ƙaramin hannu mai sanye da safar sanyi. Ga mai farawa na fi son bindiga mai sakata, ko mai cin harsashi ɗaya tak.

Wataƙila kana da .308 ko .270 a gida, aljihu kuma bai ba da damar sayen sabuwa ba. Akwai mafita. Kamfanoni suna yin harsasai masu sassaucin shuri musamman don irin wannan, kamar Managed-Recoil na Remington da Custom Lite na Hornady. An rage musu nauyi da gudu, suna kuma isar barewa a tazarar da ta dace da yaro. Ka tuna dai ba sa sauka a inda harsashin da ka saba da shi yake sauka, don haka sai ka sake daidaita saiti da su kafin a fita.

Kafin ka kashe ko sisi, ka karanta dokar jiharka ta wannan shekarar, domin a Amurka kowace jiha da tata. Wasu za su ce maka .223 ta fi kowacce sauƙi ga yaro, kuma gaskiya ne shurinta kamar babu. Amma a Bajiniya doka ta ce bindigar barewa sai mai faɗin .23 zuwa sama, a Kolarado kuma sai .24 zuwa sama, ka ga ta faɗi a jihohin biyu. Ko a inda aka yarda da ita, ba ta yafe kuskuren saiti, shi kuwa ɗan koyo ba ya rabuwa da kuskure. A Ohayo kuma, tun 2014 aka yarda da bindigogi masu miƙaƙƙen kwanso kawai, marar wuya, saboda harsashinsu ba ya nisa a ƙasa mai shimfiɗa da yawan gidaje. A can .243 ɗin da nake yabo haramtacciya ce ga barewa. Don irin waɗannan wurare Winchester ta fitar da .350 Legend a 2019, shurinta bai wuce na .243 ba, tana kuma aiki har wajen yadi 200. Mu a nan Wiskonsin, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 sai ya yi kwas na koyon farauta kafin ya fita shi kaɗai. Yaron da bai yi ba yana iya fita ƙarƙashin mai kula da shi, da sharaɗin kada su yi tazarar da ta wuce miƙa hannu. A 2017 an cire ƙa'idar shekaru ga wannan tsari. Doka ta buɗe ƙofa ke nan, amma kai uba kai ka san hankalin ɗanka da ƙarfin damtsensa, kada ka ce tunda an halatta dole ne.

Akwai wani tarko da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Uba ya shiga kanti, ya ga 'yar ƙaramar bindiga marar nauyi an rubuta ta yara ce, ya ce wannan ita ce daidai. Ya manta cewa nauyi ne ke shanye shuri. Harsashi iri ɗaya, idan ka harba shi a bindiga mai kilo 2.7, shurinsa ya fi na mai kilo 3.6 da kashi ɗaya cikin uku. Gajeren bututu kuma yana kawo ƙara da walƙiya kusa da fuska. Yaro ba yawo zai yi da ita a kafaɗa yini guda ba, zama zai yi kusa da kai a maɓoya ya ɗora ta a kan sanda ko katako. Ka ɗaukar masa ita a hanya idan ta yi nauyi. Abin da za ka rage shi ne tsawon gindinta. Ta manya, daga kunama zuwa ƙarshen gindi, wajen inci 13 da rabi ne, ta yara kuwa 12 zuwa 12 da rabi. Idan gindin ya yi masa tsawo, sai ya zame daga lungun kafaɗa ya koma kan damtse, yaron ya ranƙwafa baya, shurin ya same shi a inda ya fi zafi. Ka gwada masa ita yana sanye da rigar sanyin da zai sa a Nuwamba, domin kaurin riga yana ƙara tsawo. Ka sa roba mai laushi a gindin. Ka tabbata kumatunsa na zaune daram a kan katako idonsa na gani ta madubi ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma tsakanin idonsa da madubin akwai kamar inci uku da rabi zuwa huɗu. Da na san wannan a da, da girar ɗana ba ta da tabo.

Rabin tsoron bindiga a kunne yake. Ƙarar da ta wuce desibel 140 tana iya lalata ji nan take, bindigogin barewa kuma duk sun haura haka. Jin da ya tafi ba ya dawowa, ni da nake maka magana kunnena na hagu yana ƙugi dare da rana. A filin gwaji ka toshe masa kunne da soso, sannan ka ɗora masa abin rufe kunne a sama. Za ka sha mamakin yadda yaron da ke zabura zai natsu da zarar ƙarar ta ragu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ƙanwar ɗana ta taso ta ce ita ma tana so, sai na canza hanya. Muka yi damina guda da 'yar ƙaramar .22, wadda ba ta shuri kuma harsashinta ba shi da tsada. Da ita ta koyi numfashi, da riƙo, da jan kunama sannu a hankali har harbin ya zo mata ba zato. Sai da hannunta ya faɗa sannan na kawo .243, shi ma harbi biyar ko shida a zama ɗaya, mu tashi tun tana marmari. Akwai wata dabara da dattijon nan maƙwabcina ya koya mini: kai za ka ɗana bindigar ba tare da yaron ya gani ba, wani lokaci ka sa harsashi na gaske, wani lokaci na roba marar albarushi. Idan ya ja kunama a kan na roba bakin bindigar ya dunguri ƙasa, zabura ta shiga. Kada ka yi masa faɗa, kada ka yi dariya. Ku koma kan .22 na ɗan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga ma'aunin da za ka san ya isa fita. Ka kafa farantin takarda a yadi 50, ya harba daga irin zaman da zai yi a daji, bindiga a kan sanda. Idan ya sa biyar cikin biyar, ku matsa zuwa 75, sannan 100. Inda ya fara kuskure, can ne ƙarshen iyakarsa a bana, ko da bindigar za ta iya ninka haka. Ranar farauta zuciya na bugawa, hannu na rawa, sanyi na cizo, saboda haka ka rage masa ma daga wannan iyakar. Ka koya masa ya jira har barewa ta ba da gefe ta tsaya cak. Idan tana gudu, ko ta ba da baya, ko reshe ya tare, a bar ta ta wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaron da ya iya sauke bindiga ya ce "Baba, ban samu saiti ba" ya fi burge ni a kan wanda ya harba aka yi sa'a.

Mu Musulmi muna da ƙarin dalili. Addininmu ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Zaɓen harsashin da yaro zai iya sarrafawa yana cikin wannan kyautatawar. Ka koya masa ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbi, idan kuma kuka iske ta da sauran rai, a gaggauta yankawa. Ka nuna masa fiɗa, ya ga inda harsashinsa ya bi, ya san cewa rai aka ɗauka don a ci, a kuma raba wa maƙwabta.

Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Harsashin barewa yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye, don haka kafin ya harba sai ya san abin da ke bayan dabbar. Barewar da ta tsaya a kan tudu, sararin sama a bayanta, ba a harbinta. Bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da an rantse babu komai a ciki, yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai an gama saiti. Ku sa rigar nan mai ruwan lemo da doka ta wajabta. Idan kun dawo gida, bindiga ta shiga akwatin ƙarfe a kulle, harsasai a wani wurin dabam, mabuɗi a hannunka. Ko ka ce tasa ce, amanarta a wuyanka take.

Ke kuma 'yata, uwar yaron, bakinki yana da nauyi a wannan magana. Yaro kan ɓoye wa uba tsoronsa don kada a ce ya gaza, amma ke zai gaya miki. Idan ya dawo daga filin gwaji da taruwar jini a kafaɗa, ko kika ga yana neman uzuri duk ranar da za a tafi, ki sanar da mahaifinsa cikin hikima. In ma farautar ce ba ta kwanta masa ba, a ƙyale shi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan barewar ma sai ƙafarsa ta yi ƙwari yake bin uwarsa.

'Yata ta cikina ta kayar da barewarta ta farko tana shekara 13, a farautar yara ta watan Oktoba, da .243, a tazarar yadi 70, harbi ɗaya. Yayanta, wanda ya dawo farauta yana ɗalibin jami'a, da waccan bindigar ta ƙanwarsa ya sake koyo, kuma ita ya ajiye wa nasa ɗan. Babbar farautar bindiga ta kwana tara takan buɗe ranar Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Idan ɗanka bai cika farantinsa ba kafin ranar, ka tafi da shi ya zauna kusa da kai ya yi kallo, baɗi ma shekara ce. Allah Ya raya mana su, Ya tsare su, Ya sa mu zama iyayen da suka san nauyin da 'ya'yansu za su iya ɗauka.